Sunan Yanka da Sunan Bariki: Tsofaffin Sojojinmu da Takardunsu na Sallama



A wasu gidaje na unguwannin Hausawa, nan Gidar da Garwa da Marwa, idan aka buɗe adakar tsohuwa aka ɗaga zannuwan ƙasa, akan tarar da wani ɗan littafi da ya sha hannu, an naɗe shi cikin leda tare da lambar girma ɗaya ko biyu da suka dushe. Littafin soja ne, wanda Faransawa ke kira livret militaire, a cikinsa aka rubuta ranar da kakanmu ya sa kaki da ranar da aka sallame shi. Sai jika mai karatun boko ya buɗe shafin farko ya karanta sunan, 'yan gida su dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin an kira tsohon da wannan suna. A masallaci Alhaji ne, a kasuwa da sunan sana'arsa aka san shi, a katin ɗan ƙasa wani suna ne daban, ga kuma na huɗu a takardar soja. A wurinmu mutum ɗaya ne. A wurin ma'aikacin da ke zaune a ofis a Faransa mutum huɗu ne, kuma ɗaya ne kawai daga cikinsu ya je yaƙi.

Mu Hausawa ba mu saba ɗaukar suna ɗaya daga zanen suna har kushewa ba. Ranar bakwai liman ya raɗa sunan yanka, a ce Abdullahi. Kafin a yaye shi ya zama Audu. In ɗan fari ne uwarsa ba za ta kama sunansa ba saboda alkunya, in kuma sunan kakansa ya ci, sai matan gidan duka su sakaya su ce Baba. In ranar Lahadi aka haife shi ga Ɗanladi, in bayan mata ya zo ga Tanko. Ya girma ya kama sana'a, sai a ji Audu Tela ko Audu Mahauci. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, a bakin maƙwabtanmu Fulani kuma Buba ko Bakari. Muhammadu Mamman ne a wannan zaure, Hamman a wancan. Duk wannan bai taɓa rikita kowa ba, domin a da shaidar mutum mutane ne: mai unguwa ya san shi, liman ya san ubansa, Sarkin Hausawa ya san garin da kakansa ya taso. Rikici ya soma ne ranar da suna ya koma abin da ake cikewa a layi biyu, ɗaya na iyali ɗaya na mutum, bisa tsarin da ba namu ba. Ko sunan garin nan bai tsira ba, muna cewa Gidar, takarda na cewa Guider.

Bariki na cikin wuraren farko da aka fara rubuta sunayen talakawanmu da yawa. Sojojin da Jamusawa suka kafa mulkinsu da su a Kamaru akasari baƙi ne da aka ɗebo daga ƙasashen gaɓar teku, cikinsu har da Hausawa. Da irinsu suka ci Garwa a ƙarshen 1901, Hans Dominik ya wuce Marwa a Janairun 1902 ya karya rundunar Lamido Zubairu na Yola. Ba su daɗe ba. A watan Yunin 1915 Garwa ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa, a Fabrairun 1916 sansaninsu na kan dutsen Mora ya miƙa wuya. Daga cikin samarin da suka sa kakin Jamus a wancan zamani akwai Chari Maigumeri, wanda Ingilishi suka kama, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai muƙamin saje manja, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, aka sallame shi a 1953 da girman kyaftin na karramawa. Barikin soja na Lokoja sunansa ya ci. To, Maigumeri sunan gari ne a ƙasar Borno. Haka akawun Ingilishi suka saba: a tambayi yaro sunansa, a tambaye shi garinsu, a haɗa biyun. Shi ya sa duwatsun tunawa da mamatan yaƙi suka cika da su Musa Kano da Garba Zariya. Kuma da yake Hausa ce harshen barikin Ingilishi, da yawa waɗanda ba Hausawa ba ne sun ari sunan Hausa ranar ɗauka, suka mutu da shi.

Namu ɓangaren, na Faransa, ya fi wuyar warwarewa. A doka Kamaru amana ce da Majalisar Ƙasashen Duniya ta lokacin ta damƙa wa Faransa, saboda haka waɗanda aka ɗauka soja 'yan sa kai ake ce musu. A zahiri kuwa kwamanda yakan faɗa wa lamido adadin da yake so, lamido ya sauke wa lawanai da jaurawa, su kuma su dubi gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ranar ɗauka akwai likita, akwai akawu, akwai tafinta a tsakani. Tambaya ta fito da Faransanci, ta bi ta Fulatanci, amsa ta dawo ta hanyar da ta bi, akawu ya rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan da ya koya a lakwal. Audu ya zama Aoudou, Umaru ya zama Oumarou, Hamman ya zama Haman. Aka tambayi yaro sunan ubansa, kunya ta hana shi kama shi a gaban jama'a, sai ya faɗi laƙabi ko sunan gari. Shekaru kuwa likita ne ya dubi jiki ya ƙiyasta, aka rubuta "né vers", wato an haife shi wajejen shekara kaza. Bayan shekaru da dama, da kwamfuta ta zo ta ƙi karɓar "wajejen", sai aka mai da waɗannan mutane duka haifaffun 1 ga Janairu ko 31 ga Disamba.

Ba duka ne kuskuren akawu ba, gaskiya ɗaya ce. Akwai wanda ya ɓoye sunansa da gangan don ya gudo ne daga gida ba da yardar uba ba. Akwai mai gudun bashi, akwai mai gudun ubangijinsa, domin bauta ba ta gama mutuwa a ƙasar nan ba a lokacin. Akwai kuma wanda aka tura a madadin ɗan wani babba, ya amsa sunan da ba nasa ba har ƙarshen yaƙi. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne lambar da aka ba shi, matricule. Ita ke littafinsa, ita ke rajistar rundunar, ita ke ɗan faranti da yake ɗaure da shi don a gane gawarsa. Hausawa na cewa suna linzami ne. A bariki lamba ce linzami.

A nan ne ya kamata mu tsaya kan mutumin da ya ja waɗannan samari zuwa yaƙin Hitila, domin shi ma da sunan aro ya zo. Daren 26 ga Agusta 1940, wayewar 27, wani hafsan Faransa ya shigo Duwala cikin kwalekwale da mutum ashirin da 'yan kai. Sunansa na ainihi Philippe de Hauteclocque. Ya ɗauki sunan Leclerc ne don kada Jamusawa da gwamnatin Vichy su huce a kan matarsa da 'ya'yansa shida da ya bari a Faransa. Har muƙamin kanar da ya shigo da shi, shi ya ɗaura wa kansa a hanya don manyan hafsoshin Duwala su saurare shi, daga baya Janar de Gaulle ya tabbatar masa. Da wannan sunan aro ya mai da Kamaru ɓangaren de Gaulle, ya wuce Chadi, ya ci sansanin Italiya na Kufra a kudancin Libiya ranar 1 ga Maris 1941. Mafi yawan sojojin da suka yi masa wannan aiki baƙar fata ne, akasari mutanen Chadi tare da 'yan Kamaru, kayan yaƙinsu kuma wasu ta kogin Binuwai suka zo Garwa, motoci suka ɗauka suka bi hanyar Marwa da ta ratsa ƙasarmu ta Mayo-Luti. Sa'ad da ya shiga Faris a Agustan 1944, an riga an tsame baƙaƙen sojojin daga rundunarsa tun 1943.

Da yaƙi ya ƙare, a watan Nuwamban 1945 gwamnatin Faransa ta fitar da doka ɗaya da ta halatta masa haɗa sunan aro da na gado, ya zama Leclerc de Hauteclocque. Shi ke nan. Ba wanda ya ce ya kawo shaidu biyu su rantse cewa mai wannan suna shi ne mai wancan. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1947, aka ba shi girman marshal a 1952, babbar makarantar sakandare a Yawunde tana ɗauke da sunansa har yau. Ba muna ƙyashin sa ba ne, ya yi abin da ya yi. Muna dai nuna cewa rundunar Faransa ta san sarai mutum na iya yin yaƙi da suna ɗaya ya tsufa da wani. Rundunarta ta baƙi 'yan ƙasashen waje, wadda aka kafa a 1831, ta shahara da karɓar mutum da sunan da ya faɗa da bakinsa, kuma tana da tsari na musamman da soja zai bi daga baya a mayar masa da sunansa na gaskiya a rajista. Hanya tana nan. Kakanninmu ne ba a nuna musu ita ba.

Suka dawo gida, rayuwa ta ci gaba da yi musu suna kamar yadda ta saba. Wanda ya sauke farali ya zama Alhaji, ya kuma koma wa sunansa na yanka cikakke, don bai dace dattijo ya ci gaba da amsa sunan ƙuruciya ba. Cikin maƙwabtanmu Gidar da Fali da Daba akwai waɗanda suka shiga soja da sunan gargajiya, daga baya suka karɓi Musulunci ko Kiristanci, musamman a shekarun mulkin Ahmadu Ahijo, suka ɗauki sabon suna. Wasunsu a unguwanninmu suka zauna suka yi aure, jikokinsu namu ne yau. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa bayan samun 'yanci a 1960, wani akawu ne daban da kunne daban ya rubuta sabon sunan. Sannan ga iyaka. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 Mubi da kewayenta suka zaɓi Nijeriya, sai ya zama wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya Audu ne a takardar Ingilishi, ɗaya kuma ɗan Aoudou ne a ta Faransa.

Ƙasar nan tana da dokar sauya suna, ta ranar 14 ga Yuni 1969. Mai so ya rubuta wa Ma'aikatar Shari'a, a sanar da jama'a ko akwai mai ja, a jira, sannan gwamnati ta fitar da izini. Sai dai mu tambayi kanmu: dattijo nawa a Gidar, wanda liman da jama'ar masallaci suka riga suka shaida sabon sunansa, zai ga dalilin aika takarda Yawunde don a ba shi izinin amsa shi? A idonsa maganar ta ƙare ranar da aka yi addu'a aka raba goro. A idon doka kuwa ba a fara ba.

Shekaru da yawa wannan saɓani ya kwanta, don kuɗin da ake magana a kai bai taka kara ya karya ba. Ranar 26 ga Disamba 1959, kwana kaɗan kafin 'yancin Kamaru, majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka fita daga hannunta. Na Bafaranshe yana hawa bisa tsadar rayuwa, na abokin yaƙinsa na Garwa yana tsaye inda aka bar shi. Haka aka tafi shekara arba'in, har wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, wanda ya yi soja daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ce abin da aka yi wariya ce. Shi mai ƙarar ya riga ya rasu, bai ji hukuncin ba. A 2002 aka ɗan ƙara, bisa tsadar rayuwar kowace ƙasa. A 2006 fim ɗin Indigènes ya tayar da maganar, daga Janairun 2007 aka daidaita kuɗin 'yan mazan jiya da na naƙasassun yaƙi. Ranar 28 ga Mayu 2010 Majalisar Tsarin Mulkin Faransa ta rushe abin da ya rage, daga 1 ga Janairu 2011 aka buɗe ƙofar daidaita fanshon baki ɗaya.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Wani ɓangare na ƙarin ba ya zuwa da kansa, sai mai haƙƙi ya rubuta ya nema, ya haɗa da takardun shaida. Wanda aka haifa wajejen 1920 ya kai shekara casa'in a lokacin, in yana raye. Mafi yawa sun riga mu gidan gaskiya, saura matansu. A nan ne tsohon saɓanin suna ya tashi da ƙarfinsa. Matar da mijinta ya rasu, in za ta nemi rabonta na fanshonsa, sai ta nuna takardar mutuwarsa da takardar aurensu, sunan da ke cikinsu kuma ya dace da na rajistar soja. Aurenta a zaure aka ɗaura, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba a je ofishin magajin gari ba. Takardar mutuwar tana ɗauke da sunan Alhaji na katin ɗan ƙasa. Rajistar soja tana ɗauke da sunan wani saurayi da akawu ya rubuta shekara saba'in baya. In mata biyu ko uku ya bari, kowacce sai ta bi wannan hanya. Wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ita aka ɗora wa gyaran kuskuren mai alƙalami.

Yaya ake gyaran? Abin da ya kamata mu fahimta shi ne ba a kankare sunan da ke rajistar soja. Rajistocin sojojin ƙasashen da Faransa ta mulka suna ajiye a birnin Pau, a cibiyar adana takardun ma'aikatan soja, ofishin fanshon sojoji kuma yana La Rochelle. Daga Pau ake samun takardar da ke jera tarihin aikin soja, ranar shiga, rundunonin da ya zauna, inda ya yi yaƙi, ranar sallama, wadda suke kira état signalétique et des services. Da tsohon suna za ta fito. Aikin iyali shi ne gina gada tsakanin sunayen biyu. Akwai takardar shaidar cewa mai suna kaza da mai suna kaza mutum ɗaya ne, certificat d'individualité, wadda hukumar gari ke bayarwa. Ba kullum take wadatarwa ba, musamman in sunayen ba su yi kama ko kaɗan ba. A nan sai kotu: ko hukuncin gyara takardar da aka yi kuskure a cikinta, ko hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa ko ta aure da ba a taɓa yi ba, jugement supplétif. Kotu shaidu take nema, waɗanda suka san mutumin da sunayensa biyu. Irin waɗannan shaidu kuwa kowace damina raguwa suke yi. Waɗanda suka wuce daga sojan Faransa zuwa rundunar Kamaru da aka kafa a ƙarshen 1959 fayil biyu gare su a ƙasa biyu, kuma ofishin 'yan mazan jiya na ƙasa, ONACAM, nan ne ƙofar farko da ya kamata iyalinsu su ƙwanƙwasa.

A ganinmu barin tsohon suna a rajista daidai ne. Shi ne shaidar abin da ya faru ranar ɗauka, har da kuskuren da ke ciki. Da za a riƙa kankarewa, da jikan da ke neman kakansa a jerin wata bataliya ba zai same shi ba, da kuma an buɗe wa 'yan damfara ƙofar cin haƙƙin marayu. Ko a Amurka, inda tun 1946 doka ta kafa kwamitocin gyara takardun soja, kuma tsohon sojan da ya sauya suna a kotu yana iya neman a sake masa takardar sallama, asalin ƙa'idarsu ita ce rajista tana nuna sunan da mutum ya yi aiki da shi, ba a taɓa ta sai an ga kuskure ko zalunci. Inda muke da ja shi ne wanda aka ɗora wa kuɗin gadar. Hukumar da ta iya aiko da likita da akawu da tafinta har garuruwanmu don ta ɗebi samari, da ta so, da ta aiko da irinsu su zauna a ƙofar fadar Lamidon Gidar kwana uku, su saurari dattawa, su rubuta sunayen biyu gefe da gefe tun masu su na raye.

An taɓa yin kusan haka a wani wuri. A 1964 majalisar Jamus ta Yamma ta amince a biya tsofaffin sojojin Afirka ta Gabas bashin albashinsu na yaƙin duniya na farko. Ana ba da labarin cewa da mai biyan kuɗi ya sauka a garin Mwanza na Tanganyika, tsofaffi suka taru, kaɗan ne ke da takardar sallama, wasu guntun tsohon kaki suka kawo. Sai aka riƙa miƙa wa kowane tsoho sandar tsintsiya a madadin bindiga, a ba shi umarnin fareti da Jamusanci. Wanda jikinsa ya amsa, a biya shi. An ce ba wanda ya faɗi.

Namu tsofaffin ba su nan balle a miƙa musu sanda, littafin ne ya rage. Wanda ke da shi a gida, kada ya goge komai a ciki, kada ya gyara harafi da biro ko da ya tabbata kuskure ne, domin gyaran hannu yana iya kashe takardar baki ɗaya. Ya ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin gara ta riga shi. Sannan ya sami farar takarda daban, ya zauna da tsohuwar gidan da sauran dattawan unguwa, ya rubuta duk sunayen da aka san marigayin da su, da sunan uwarsa da na ubansa, don akawun soja yakan rubuta su a rajista kuma sukan raba gardama. In zai rubuta wasiƙa zuwa Pau, ya fara da lambar soja, sai shekarar da aka ɗauke shi, sai garin da aka yi ɗaukar, sannan sunan da ke littafin, harafi da harafi, yadda akawu ya rubuta shi.